Kan Lado Ya Sha Lalle

"Mako uku," in ji Malam Ashafa, mahaifin Sabuwa, yarinyar da nake nema da aure. "Kada aska ta taɓa kanka har mako uku. Juma'a ta ukun, in an sauko daga masallaci, ka zo zauren nan ka cire hularka in gani da idona."

Ina durƙushe a gabansa na ce, "To, Baba."

Kaina ne ya jawo wannan magana. Shekarata ashirin da biyar, amma tun ina ɗan sha bakwai furfura ta cinye mini kai, fari fat kamar an zazzage mini buhun auduga. Haka mahaifina ya yi, haka kakana. A garinmu Gubuchi ba wanda ya damu, sai dai tsokana. A Furana kuwa, garinsu Sabuwa, Gwaggo Hajo, yayar Malam Ashafa, ta tashi tsaye ta ce wannan ba furfura ba ce, ciwon fata ne nake ɓoyewa. Ta ce shi ya sa nake aski duk bayan kwana uku, shi ya sa ba a ganina babu hula. Har sunan ciwon ta kama, wanda ba na son maimaitawa.

Tana da nata mutumin da take so a ba Sabuwa, Uwaisu tela, ɗan ƙawarta, mai keken ɗinki a kasuwar Ikara. Tun shekarar da aka sami mulkin kai, da ya ɗinka wa 'yan makaranta rigunan biki, yake tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba. Gashinsa baƙi wuluk, yana shafa masa man kanti, yana tsaga shi gefe guda irin na ma'aikatan Zariya. Ni kuwa mazarƙwaila nake dafawa, ina wuni tsakanin dokin da ke juya injin rake da bakin kasko.

Sau biyu Sabuwa tana ƙin Uwaisu a gaban mahaifinta. Malam Ashafa ba mai tilasta wa 'ya ba ne, amma ya ce ba zai miƙa ta ga ciwo ba.

Mako na farko ya wuce, na biyu ya shigo. Gashi ya fito har yana leƙowa ta ƙasan hula, wajen kunnuwa da ƙeya. Ran kasuwar Ikara na kai mazarƙwaila, ban san yadda aka yi na bi ta rumfar teloli ba.

"A'a, sannu Baba tsoho!" in ji Uwaisu, ƙafarsa tana kan keke bai ma tsayar ba. "Jikarka ka zo nema wa miji? Ku ba shi tabarma mana, kada ya faɗi."

Rumfa ta ɗauki dariya. Na wuce abina, ni ba mai iya mayar da magana ba ne. Amma duk hanyar komawa gida abu ɗaya nake gani: ni a tsakiyar zaure, hula a hannu, kai fari kamar na kakan amarya.

Ban wuce gida ba, sai na biya wajen Kaka Talatu, mahaifiyar innata. Ita ke sayar da lalle da kuka da daddawa a kasuwar Makarfi, duk amaryar da aka yi a yankinmu lallenta ta sha.

"Mai gidana, yau kuma wace ta kore ka?" in ji ta. "Na gaya maka ka zauna da ni, ni ban damu da furfura ba, tawa ma ta ishe mu."

Na zauna na cire hula na gaya mata komai.

Ta kama kaina tana juya shi kamar mai taya kabewa. "Aska ya hana, ko?"

"Aska ya hana."

"Ya ambaci lalle?"

"Bai ambata ba."

"To shi ke nan. Ba ka ga alhazan da suka dawo daga Makka ba, gemu ja jawur, kowa na durƙusa musu? In aka jera ja da fari, ja ne yaro."

Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na ba ta kaina. Ran Litinin ta kwaɓa lalle da ruwa ta shafe ni da shi. Da aka wanke, na duba a ɗan fasasshen madubinta, sai na ga gashin ya koma wani irin rawaya-rawaya mara kyan gani, kamar gemun masarar da ta kwana biyu a rana.

"Kaka, wannan ai ya fi farin muni."

"Bai kama ba ne. Gashin gidanku taurin kai gare shi kamar masu shi. Bari in yi masa haɗin da zai ji. In ja ya yi ja sosai sai ya duhunta, daga nesa ma baƙi za a ce."

Ina zaune ta yi haɗin. Ta tafasa zoɓo har ruwan ya yi kauri. Ta matse lemun tsami ya fi goma. Ta daka jar kanwa, dunƙule guda kamar ƙwan zabo, ta zuba. Sannan ta ɗauko jan goro ta jefa a baki, ta tauna, ta tauna, ta sunkuya ta tofa a cikin ƙwaryar.

"Kaka!"

"Me? Da bakin nan na tauna wa uwarka abinci. Goro shi ke ba shi ido."

Ta sake tauna wani ta tofa. Na kau da kai. Ta rufe ƙwaryar da faifai ta tura ƙarƙashin gado, ta ce sai ya kwana uku ya tashi.

Ran Alhamis da hantsi ta buɗe. Wallahi ban taɓa jin wari irin wannan ba, ni da nake kwashe dusar rake mai tsami da kashin doki kullum. Saman abin ya yi kumfa, kore-kore da baƙi-baƙi, yana fitar da 'yan ƙwayaye suna fashewa. Akuyar da ke ɗaure a tsakar gida ta ja igiyarta ta koma bayan rumbu.

"Kaka, a bar shi. Na fasa."

"Ka fasa Sabuwa ke nan? Zauna."

Na zauna.

Ta ɗebo da hannu ta lafta mini, sanyi ƙalau, yana gangarowa ta bayan kunnena yana shiga wuyan riga. Na kai hannu ina sharewa, yatsuna duk suka ɓaci. Ta naɗe kan da wani tsohon zanenta ta ce in zauna a rana. Ƙudaje suka taru a kaina kamar mahauta. Ba a jima ba ya fara zafi, can ƙasan gashi, kamar ana yayyafa mini ruwan rake daga kasko.

"Yana ci na, Kaka."

"Kamawa yake yi. Namiji da raki!"

Na daure har la'asar. Da aka wanke, Kaka ta ja da baya ta dube ni, sannan ta ce, "Kai, kamar Balarabe." Amma ba ta miƙo mini madubi ba, sai da na ɗauka da kaina.

Bai duhunta ba. Ja ne, ja irin na barkonon da ake shanyawa a kan rufin soro a Ikara. Har goshina da kunnuwana da ƙeyata sun rine. Na sa sabulun salo na wanke sau huɗu, ko gezau. Aska kaɗai ta rage, ita kuwa na yi alkawari ba za ta taɓa ni ba.

Da gari ya waye fatar kan ta tashi, ƙuraje ƙanana sun fashe suna ruwa. Na danna hula har gira, na hau keke na kama hanyar Furana. Rana tana dukan hular, warin yana biyo ni, ni kaina ina ƙyamar kaina.

A masallaci na tsaya can ƙarshen sahu. Mutumin da ke damana ya yi ta jan hanci har aka sallame.

Da na isa ƙofar gidan Malam Ashafa, Uwaisu na zaune a dakali, wai ya kawo wa Gwaggo Hajo ɗinki. Idonsa ya sauka a kan yatsuna.

"Ango! Ango da kansa!" in ji shi. "Ba a sa rana ba har an sa ka a lalle? Wace ce amaryar, mu zo cin tuwo?"

Na wuce shi na yi sallama.

Malam Ashafa yana kan buzunsa. Gwaggo Hajo ta zauna a ƙofar da ke shiga cikin gida, ta baje zane. Gefe guda kuma ga wani dattijo da zabira a gabansa. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi mutanen Gubuchi, aka tambayi rake, aka tambayi doki.

"Wannan Usmanu wanzami ne," in ji Malam Ashafa. "Shekara arba'in yana aski a ƙasar nan, ba ciwon fatar da bai sani ba. Na sa ka bar gashi ne don ya ga yadda yake tsirowa, ya ga fatar da ke ƙarƙashinsa ba tare da kaifin aska ya taɓa ta ba. Farin kai ba abin kunya ba ne, Lado, duk can za mu in da rai. In ya duba ya ce lafiya, Yaya Hajo ta ji da kunnenta, yau ɗin nan zan sa muku rana. Cire hular."

Ashe ba launin gashi yake son gani ba.

"Cire mana, ɗana."

Na kama hular na ja. Ta manne. Na ƙara ja, ta ɗago da wani ɗan sauti kamar ana ɓare ganye daga jikin alala, zafin ya ratsa ni har haƙori.

Warin ne ya fara isa gare su.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Gwaggo Hajo ta toshe hanci da bakin zane ta miƙe. "Ashafa, ka gani? Ka gani da idonka? Na faɗa an ce ina da baƙin ciki! Ruɓewa yake yi a tsaye! Wannan za ka ba 'yarmu ta haɗa matashi da shi?"

"Yaya, zauna."

"Ba zan zauna ba, amai nake ji!" Ta leƙa waje ta tofar da yawu.

Uwaisu ya leƙo ta ƙofa, ya ga kaina, ya koma da baya yana dariya har da tari.

Usmanu wanzami ya tashi daga gaban zabirarsa. Ya matso, ya kama haɓata ya juya ni wajen haske, yana numfashi ta baki. Ya sa tsinke ya buɗa gashin nan da can. Ya daɗe.

"Lalle ne," in ji shi. "Da kanwa, da tsami. Wa ya yi maka wannan aika-aika, yaro?"

Na ce, "Ni na sa aka yi."

"To me ka gani, Usmanu?" in ji Malam Ashafa.

Wanzamin ya goge tsinken a ƙasa ya jefar. "Allah gafarta Malam, ba zan yi shaidar abin da ban gani ba. Fatar ta ƙone, ta kuma rine. Ko da ciwo a ƙarƙashi tun da, ko wannan haɗin ne kaɗai ya ci ta, ba mai iya rabewa yau. Sai ta warke ta saɓule, sabon gashi ya fito. Wata biyu, in an yi sa'a."

"Ya ɓoye ne!" in ji Gwaggo Hajo. "Mai lafiya me zai ɓoye?"

Malam Ashafa ya dube ni, ba da faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

"Lado, na ce kada aska ta taɓa kanka. Ban san sai na bi na lissafa maka da lalle da shuni da baƙin tukunya ba. Na ɗauka ka gane abin da nake nufi."

"Na tuba, Baba. Kunya ce ta..."

"Kawun Uwaisu yana zuwa jibi Lahadi. Sau uku ina ɗaga masa, ina cewa a jira. Yau ba ni da abin da zan ce masa ya jira. Da an kira la'asar zan kira yarinyar in tambaye ta, tambayar ƙarshe. Abin da ta faɗa shi zan gaya masa. Mai da hularka."

Ban iya mayar da ita ba. Na fita da ita a hannu.

Akwai rijiya a bayan gidan, gindin wata tsamiya. Can na je na ja ruwa na sunkuya ina zuba wa kaina, ko zafin ya ragu. Ruwan yana sauka ƙasa ja-ja. Ina nan sunkuye na ji an ajiye tulu a bayana.

Sabuwa ce. Idanunta sun kumbura. Ta tsaya nesa da ni, ta fi taku biyar, ita da kullum sai na ce mata ta matsa kada a gan mu.

"Ɗago in gani," in ji ta.

Na ɗago.

Ta duba, bakinta ya motsa, ta juyar da fuska wajen tsamiya. Hawaye suka zubo mata.

"Sabuwa, don ke na yi."

"Kada ka ce don ni. Kada ka ƙara cewa don ni, ka ji ko? Yaushe na ce maka ina ƙin farin kanka? Ranar da na fara ganinka a bakin kasko, hularka ta faɗi, me na yi?"

"Dariya kika yi."

"Na yi dariya, na kuma dawo mako na gaba sayen mazarƙwailar da ba a aike ni ba. Ba ka tambayi kanka dalili ba?"

Na murɗa hular da ke hannuna.

"Ka san abin da na sha a gidan nan mako ukun nan? Gwaggo ta hana ƙannena cin abinci kwano ɗaya da ni, wai na riga na kwaso. Innata tana kuka tana cewa ba za ta goya jika mai furfura ba. Ni kuwa na durƙusa gaban Baba na ce, Baba, mutumin nan ba shi da keken ɗinki, ba shi da agogo, amma bai iya ɓoye-ɓoye ba, abin da ke cikinsa shi ne a fuskarsa. Na ce in aka same shi da rufa-rufa ko ta ƙwayar gero, a ba ni wanda aka ga dama. Da bakina na faɗa, Lado. Da bakina!"

Ba ta taɓa kiran sunana gatsal haka ba. Kullum Malam take cewa.

"Uwaisu ne ya yi mini dariya a kasuwa," na ce. "Ya ce ni kakanki ne. Sai na ga kamar ranar Juma'a kowa haka zai gani."

"Uwaisu! To Uwaisu za ka aura? Maganarsa ta fi tawa nauyi a wurinka ke nan. Shi ya yi dariya sau ɗaya ka ba da kanka aka kwaɓa, ni na yi shekara ina cewa ina so ba ka ji ba."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Wani ƙuda ya sauka a goshina, na kore shi, ya dawo.

"Me aka zuba a ciki?" in ji ta. "Wannan ba warin lalle ba ne. Na san lalle."

Da na iya ƙarya da na yi ta a nan. Na lissafa mata zoɓo, da lemun tsami, da kanwa, da kwana ukun da ya yi a ƙarƙashin gado. Na tsaya.

"Da me?"

"Da goro."

"Dakakke?"

"Taunanne."

Ta dafe ƙirji ta runtse ido. Na ga maƙogwaronta yana motsi. Muryarta ta dawo ƙasa-ƙasa.

"Ka zauna, da girmanka, aka tofa maka yawu a ka, don kada a gan ka yadda Allah ya yi ka."

"Wata biyu ne kawai, Sabuwa. Wanzami ya ce zai warke. Wallahi ba ni da ciwon komai, zai fito fari kamar da, kowa ya gani. Ki ce wa Baba a jira. Ke kaɗai za ki iya."

"Na san ba ka da ciwo. Ni ban taɓa shakka ba." Ta share fuska da bayan hannu, wasu hawayen suka biyo. "Ba shi ke damuna ba. Ina ta tunani ne tun ɗazu a ɗaki. In gobe muna tare wani abu ya same ka, rake ya ƙone, ko doki ya mutu, ko wani abin da kake jin kunyarsa, za ka zo ka gaya mini? Ko za ka je a shafa masa lalle ka dawo mini da hula har gira?"

"Zan gaya miki."

"Jiya ma da an tambaye ni haka zan rantse."

Aka kira sallar la'asar a masallacin unguwa. Muka tsaya muna ji har ladan ya gama, ba wanda ya dubi wani. Ta sunkuya ta ɗauki tulunta, ko ruwan ba ta ja ba.

Na taka ɗaya wajenta. "Sabuwa, me za ki ce masa?"

Ta ja baya, ta kai gefen mayafi ta rufe hanci. Na san ba da gangan ta yi ba, shi ya sa ya fi ciwo.

"In ya ce Uwaisu, na san amsata, sau biyu ina ba shi ita," in ji ta ta cikin mayafin. "Amma ba nan zai tsaya ba. Zai ce, to wa kike so a jira? Wannan ce ban sani ba, Lado. Wallahi yau ban sani ba."

Ta juya. Tana kaiwa ƙofar baya na ji muryar Malam Ashafa daga cikin gida, a hankali, yadda yake yi in ya riga ya shimfiɗa buzu.

"Sabuwa. Ajiye tulun ki zo."